An Yi Wa Fasuwod Lamineshin

A shagonmu, duk abin da Maigida ya ɗauka da muhimmanci sai an yi masa lamineshin. Takardar rajistar shago, an yi mata. Hotonsa da wani mutum mai tumbi da ba wanda ya san ko waye, an yi masa. Dokar hana cin abinci kusa da firinta, an yi mata, kuma a ƙarƙashinta yake zama ya ci nasa. Baba Mai Inji ya ce ranar da Maigida ya cika sai mun tsaya sosai, don tsaf zai bar wasiyya a saka shi a leda a gasa gefe da gefe.

Shagon buga takardu ne: kati, kalanda, fosta, hotuna, takardun makarantu. Ni ce Auta. A gida ni ce auta, sunan ya biyo ni har wurin aiki. Shekara huɗu ina riƙe da akawun ɗin saƙonni na shago, inda kwastomomi ke turo aikinsu. Ni ma na buɗe shi. Lokacin Maigida ya ce kada a sa lambarsa, ba ya son damu, sai na sa layina a wurin da ake turo lamba idan an manta fasuwod. Fasuwod ɗin kuwa shi ya zaɓa da kansa: sunan shago, sai ɗaya, biyu, uku. Ya ce ko daga barci aka tashe shi zai kawo.

Ban yi makaranta mai dogon suna ba. Sakandare na gama, sauran a wayar Yayata na koya, bidiyo bayan bidiyo, ina tsaye jikin soket saboda batirinta ba ya riƙe caji. Amma na san mutanena. Na san mai makarantar nan idan ta ce "ba gaggawa", yau take nufi. Na san mai kantin magani ba ya karanta saƙon da ya wuce layi biyu. Sannan ga tsohon Malam, wanda ya yi ritaya ya zauna rubuta tarihin rayuwarsa. Yakan ɗauki hoton rubutun hannunsa ya turo, shafi biyu, shafi uku, in buga masa, sai ya biyo da saƙon murya na minti tara yana gyara min waƙafi. Kullum da abu ɗaya yake farawa: "'Yata, kina lafiya?" Mun kai shafi ɗari da arba'in, a cikin littafin ko aure bai yi ba tukuna.

Sai Maigida ya je taron bita na kwana biyu a wani otal. Ya tafi yana cewa kwastoma, ya dawo yana cewa abokan hulɗa. Ya dawo da jaka mai tambari, da biro, da takardar shaidar halarta, wadda kafin ya sha ruwa an yi mata lamineshin. Sati bai zagayo ba ya shigo mana da 'yar abokinsa.

"Wannan ita ce Shugabar Sashen Sadarwar Zamani," in ji shi.

Baba Mai Inji ya leƙo daga bayan injinsa. "Sashen yana ina, ranka ya daɗe? Mu je mu share."

Sashen teburina ne.

Tana da difloma, kuma a minti goma na farko sau uku aka faɗa mana, don haka na sa mata suna Difloma, ya kuma bi ta. Ba zan yi ƙarya ba, kyakkyawa ce. Na duba ta sama da ƙasa ina neman inda aka rage, ban samu ba sai ɗan ƙaramin yatsan ƙafarta, shi ma sai ka ƙura ido. Tabarau ne a fuskarta, ba na magani ba, na ilimi. Jakarta idan ta ajiye tsayawa take da kanta, ba irin tawa da ke zubewa kamar an mare ta ba. Turarenta yakan riga ta shigowa, ya kuma ƙi bin ta fita.

Duk wannan da sauƙi. Kujerar ce.

Shekara huɗu a kan benci nake, wanda aka cike ƙafarsa ɗaya da kwali. Sau biyu na roƙi ko matashi ne a saya min, Maigida ya ce zama mai daɗi yana kawo gyangyaɗi. Ita kuwa ranar da ta zo, da leda a jikinta aka sauke mata kujera baƙa mai taya biyar, mai juyawa, mai hannu, mai wani ƙarfe a ƙasa da za ka ja ka yi sama.

"Ke Auta," in ji Maigida, "ai kin fi ƙwarewa a aikin hannu. Ki koma kan injin lamineshin. Wata guda za mu gwada. In ta riƙe, wayar shago da teburin sun zama nata."

Injin lamineshin a ɗakin baya yake, ba taga, ba fanka, daga ni sai zafi da warin leda. Amma akwai ƙofa, kuma ƙofar tana kallon bayan kujerar. Don haka aikina ya zama biyu: ina gasa takardu, ina ƙirga sau nawa ta juya.

Ta haɗa wata amsa guda da take tura wa kowa: "Barka da tuntuɓar mu. Saƙonka yana da matuƙar muhimmanci a gare mu." A rana ta uku na ji ta kunna saƙon murya, sai ga muryar tsohon Malam ta cika shago: "Wane ne wannan kuma? Na san saƙona yana da muhimmanci, ni na rubuta shi. Ina 'yata?" Ranar har waƙa na yi wa injin.

A sati na huɗu aka fara lura da wani abu. Kwastoma zai turo aiki da safe, kafin a ba shi amsa sai ka hango shi ya tsallaka titi ya shiga shagon Dogo. Dogo mai zanenmu ne a da, bara suka yi baram-baram da Maigida, ya je ya buɗe nasa shagon daidai saitin ƙofarmu, har kalar fentinmu ya ɗauka. Mai makaranta ce ta fasa ƙwan. Ta ce ko minti biyar ba ta yi da turo mana saƙo ba Dogo ya kira ta, ya san adadin katin da take so, ya san har kalar.

Ni na san abin da ke faruwa. Tun ranar da Dogo ya tafi na ce wa Maigida, "Mutumin nan ya san fasuwod, kuma akawun ɗinmu a buɗe yake a kwamfutarsa. A canza." Ya ce, "In an canza ni zan manta. Ke dai yi aikinki." Na sake faɗa bayan wata uku, ya ce ina da baƙin tunani.

Difloma ta nemi kwana biyu ta yi bincike. A rana ta uku aka aro majigi, aka rufe shago rabin awa, aka jera mu. Ta haska hoton wani mutum mai hular sanyi a duhu gaban kwamfuta.

Baba Mai Inji ya ce, "Wannan ba Dogo ba ne. Dogo ya fi shi wuya."

Ta yi bayani da Turanci, ta sauko Hausa, ta sake hawa. Shafi goma sha ɗaya. Da aka tace, abin da ya rage shi ne: mutumin nan ya san fasuwod, a canza.

Maigida ya tashi tsaye ya tafa. "Kun ji ilimi! Shekara nawa muna zaune cikin duhu, ba wanda ya taɓa kawo min wannan tunanin."

Ya faɗa yana kallon kowa, har da ni. Na dubi Baba Mai Inji, ya dubi silin.

Nan take aka yi bikin canjin. Gaskiya ta yi abin da ya kamata da farko: ta canza, ta kori duk wata na'ura da ke ciki. Ta so ta kunna mataki na biyu, wanda ko mutum ya san fasuwod sai an turo wata lamba a waya kafin ya shiga, Maigida ya ce a'a, shi ba zai riƙa neman izini kafin ya shiga gidansa ba. Sai ta haɗa fasuwod irin na masu difloma, guda goma sha shida, manyan baƙaƙe da ƙanana, da lambobi, da tauraro, da wata alama mai kama da ƙugiya.

Maigida ya gwada karantawa sau uku, sau uku yana faɗawa rami a wurin ƙugiyar.

"Wannan abu mai muhimmanci ne," in ji shi.

Da na ji kalmar, na san inda za a ƙare. Na miƙe na je na kunna injin ya fara ɗumi.

"Kawu," in ji Difloma a hankali, "ai ba a…"

"A cikin shagona ne, wa zai gani? A buga da manyan baƙi, idona ba kamar da ba."

Aka buga, ya cika takarda guda. Aka miƙo min. Na saka a leda, na daidaita gefe, na tura. Ban taɓa yin lamineshin mai kyau irin wannan ba, ko ƙwayar iska ɗaya babu. Maigida ya buga ƙusa da kansa, ya rataye tsakanin takardar rajista da mutumin nan mai tumbi, daidai saman kan Difloma.

Sai ya ce a ɗauki hoto a sa a shafin shago, abokan hulɗa su san yanzu an tsare musu sirri.

"Auta, ɗauko kyamarar fasfo."

Na ɗauko. Ta gyara tabarau, ta ɗora hannu ɗaya kan kwamfuta, ta juya kujerar kaɗan. Na leƙa. Ga fuskarta, ga kujera, ga baƙaƙe goma sha shida a samanta reras, har ƙugiyar.

Da na matsa taku ɗaya hagu, da ba su fito ba. Na san haka. Na goge gilashin kyamarar da gefen mayafina, sau biyu, na tsaya inda nake.

"Yi murmushi, Shugaba," na ce.

Da yamma na tarar da Yaya tana guga. Na nuna mata hoton a shafin shago, ta buɗe shi da yatsu biyu, ta karanto fasuwod ɗin tsaf ba ko tuntuɓe.

"Ki gaya musu mana."

"Ba a tambaye ni ba. Ni a aikin hannu na ƙware."

"Auta, kishi zai kashe ki."

"Ba kishi ba ne, Yaya. Lura ce."

"Lurar ce ta sa jiya kika tambaye ni nawa ake sayar da tabarau marar magani?"

Na ce mata rigar tana ƙonewa. Ba ta ƙonewa.

Washegari wajen sha ɗaya na safe na ji kujerar ta daina ƙara. Sai muryar Difloma, siririya: "Kawu, ya fitar da ni."

"Wa?"

"Akawun ɗin. Ya ce fasuwod ba daidai ba ne."

Maigida ya zo ya tsaya gaban bango ya sa tabarau, nasa na gaske, ya riƙa karanto mata da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, ƙofar shago a wangale, mutum biyu suna jiran fotokwafi. Ya ƙi. Ya sake. Ya ƙi. Ya ciro takardar daga ƙusa ya goge ta da hannun riga, ko ƙura ce ta hana.

Baba Mai Inji ya ce, "A juya ta, ko akwai wani a baya."

Daidai nan wayata ta yi motsi a aljihu. Saƙo ne: ana neman a cire wannan layin daga akawun ɗin, idan da saninki ga lamba. Lambobi shida. Ban gama karantawa ba kira ya shigo. Na fita ta ƙofar baya, inda muke zubar da yankakkun takardu.

"Ƙanwata ta kaina," in ji Dogo.

"Yaushe rabon duniya. Ka ga hotonmu?"

Ya yi dariya. "Hoto ya yi kyau. Wanda ya ɗauka ya san aikinsa. Ji nan, wata lamba ta shigo wayarki yanzu, karanto min."

"In karanto maka saboda tsayinka?"

"Auta, mu bar wasa. Shekara huɗu kina musu bauta, sun kai ki ɗakin gashi. Ki ba ni lambar, gobe ki tsallako. Wayar taki ce, mutanenki naki ne. Ga tebur, ga fanka, ga kujera."

"Tana juyawa?"

"Har kwanciya take yi."

Na ce bari in yi tunani.

Kuma na yi. Ina so a rubuta wannan, don kada a ce ban faɗa ba: awa guda cur na yi ina tunani. Na koma kan injina, na ɗauko katin shaidar 'yan makaranta guda talatin, na riƙa gasa su ɗaya bayan ɗaya, a nitse. Ta ƙofa ina kallon Difloma tana kiran wata ƙawarta da suka yi makaranta tare, ƙawar ta ce a kashe waya a kunna. Ina kallon Maigida yana share zufa da takardar fasuwod, ledar ba ta shan ruwa. Ina kallon tabarau ɗin Difloma ya sauka daga fuska ya koma kan tebur. Minti biyu ya ishe ni in gyara komai, layin a aljihuna yake. Amma abin da daɗi, jama'a. Wata guda ina shan warin leda, ranar ce kawai na ji iska.

A kati na ashirin da bakwai turare ya shigo, ita ta biyo baya. Ta jawo ƙofar. Ɗakin bai ɗaukar mutum biyu, jakarta ma a waje ta bar ta.

"Kin ga fasuwod ɗin a hoton," in ji ta.

"Na gani."

"Kika yi shiru."

"Na yi."

Ta gyaɗa kai. Na zaci kuka za ta yi, na ma shirya fuskar da zan yi mata. Sai ta ce, "Ni ma tun ranar farko na ga layinki ne a wurin dawo da akawun."

"Me ya hana ki cirewa?"

"Ban san ta inda ake cirewa ba."

Na dube ta. "Shafi goma sha ɗaya fa kika haska mana."

"A bidiyo na kwafa. Na wani mutum mai gemu da ke zama gaban labule shuɗi."

Na san shi. A wurinsa na koya, ina tsaye jikin soket.

"Diflomar fa?"

"Ta kula da otal ce. Na iya naɗe tawul ya zama agwagwa." Ta share hanci. "Babana ne ya ce duk difloma difloma ce."

Na so in ji daɗi, amma daɗin bai zo yadda na yi oda ba. Na tura kati na ashirin da takwas.

"Ban zo roƙonki ba," in ji ta. "In kin ga dama ki bari a kore ni, dama ni zaman nan ya ishe ni, kowa ya turo saƙo sai ya ce ina Auta. Abu ɗaya ne. Tsohon nan ya turo shafi shida jiya da yamma, da saƙon murya mai tsawo. Ban buɗe ba, na bar miki, na san ba ni yake nema ba. Ya rubuta a ƙasa wai ya kai wurin auren."

Na tsaya da kati a hannu.

Shafi ɗari da arba'in ina jiran matar nan. Na bi shi firamare, na bi shi kwalejin horon malamai, na yi jinyar ƙafarsa da ya faɗo daga keke, shafi tara. Yanzu an zo wurin, kuma wa ke zaune a kan saƙon? Na hango Dogo, ya miƙe dogayen ƙafafun nan kan tebur, ya danna, murya ta ce, "'Yata, kina lafiya?" shi kuma yana sakace haƙori.

Wani abu ya taso min. Yaya tana da sunan da take kiransa.

Wayata ta sake ƙara. Na ɗauka a gabanta.

"Ƙanwata, kin gama tunanin?"

"Na gama. Dogo, wannan da ke tsaye gabana, mai turare, mai difloma, wata guda ban yafe mata riƙe wayar nan ba. Kai a wa?"

"Kujerar fa?"

"Ka kwanta a kanta."

Na fito na ce wa Maigida ya matsa. Ban zauna ba, a tsaye na yi. Na danna wurin an manta fasuwod, lamba ta shigo layina, na saka. Na sa sabon fasuwod, kalmomi huɗu da ba abin da ya haɗa su, ba sunan shago, ba ranar haihuwar kowa. Na shiga jerin na'urori, ga kwamfutar Dogo zaune daram, na kore ta. Na kunna mataki na biyu ban tambayi kowa ba. Minti biyu, kamar yadda na ce.

Akawun ya buɗe.

Fari fat. Ba saƙo ko ɗaya.

Na ja ƙasa, na ja sama. Na fita na sake shiga. Shekara huɗu: mai makaranta, mai kantin magani, matar da ke turo hoton jikokinta duk wata a wanke mata, lambobin mutane sama da ɗari huɗu, shafi shida, saƙon murya mai tsawo. Ya kwashe abin da zai kwasa, ya share sauran. Abu ɗaya ya bari, saƙon da ya tura wa kowa da sunanmu: mun koma tsallaken titi, a same mu a can. Na duba lokacin da ya tura. Minti goma sha biyu da suka wuce. Ina kan kati na ashirin da biyu ke nan, ko da uku.

"An dawo da shi?" in ji Maigida.

"An dawo da gidan," na ce. "Kayan ne babu."

Bai gane ba sai da Baba Mai Inji ya yi masa fassara. Ya zauna a kan bencina, kwalin ya goce, ya miƙe. Ya yi faɗa da Dogo daga nesa, ta gilashi, na kusan minti biyar. Da ya huce sai ya miƙo hannu.

"Kawo sabon a buga."

"Ba za a buga ba, ranka ya daɗe. Zan rubuta maka a 'yar takarda, ka kai gida ka kulle a durowa. Bango kuma ya huta."

"Ƙusar fa? Haka za ta zauna tsirara?"

Sai Difloma ta mayar da tabarau. "Kawu, akwai wata dabara ta zamani. Ana rataye na bogi a fili, a ruɗa abokin gaba. An koya mana."

Ba a koya musu ba. Tawul aka koya musu. Amma Maigida ya lumshe ido kamar an sa masa zuma a kunne. Aka buga na bogi, guda ashirin, da ƙugiya har biyu, na yi masa lamineshin, aka rataye.

Kafin a tashi ya tara mu ya yanke hukunci. Ya ce Sashen Sadarwar Zamani ya nuna jarumta a ƙarƙashin jagorancin Shugaba. Ya ce daga yau an naɗa ni Mataimakiyar Shugaba, ni zan riƙa amsa saƙonni, ita za ta riƙa sa ido. Wayar ta dawo hannuna. Kujerar tana nan inda take. Ya tambaya wai garin yaya ma Dogo ya samu fasuwod ɗin. Na buɗe baki, Difloma ta riga ni.

"Irin mutanen nan suna da hanyoyi da yawa, Kawu."

Ba ta ko kalle ni ba. Wato bayan kyau, da jaka, da turare, har halin kirki ta fi ni. Wannan ya fi jakar ci min rai.

Washegari muka fara daga farko. Na cire hoton nan daga shafin shago, na sa sanarwa cewa muna nan inda muke, ba mu koma ko'ina ba. Muka zazzage tsofaffin ambulan na aiki, duk wanda aka rubuta lambar waya a bayansa tana karantowa ina sakawa, waɗanda na haddace kuma ina zubowa da ka. Zuwa azahar mun haɗa sittin da ɗaya. Ta tsohon Malam ba ta ciki. Ban taɓa haddace ta ba, kullum ita ce a sama, me zai sa.

Difloma ta miƙe ta yi miƙa. "Bayana ya gaji. Zauna nan, ni in ɗan tsaya."

Na dubi kujerar. Na ce ba komai, bencina ya ishe ni. Ta ce in zauna mana. Na ce to, tunda ta matsa.

Na zauna. Ta ɗan karkata hagu, kuma akwai wani ƙarfe da ke tokarar mutum a baya. Ko a jikina. Na ja ƙarfen ƙasa, na yi sama. Na sa ƙafa na tura, shagon ya zagaya a hankali: Baba Mai Inji, firinta, mutumin mai tumbi, fasuwod na bogi, ɗakin gashi, ƙofa, titi.

Na taka birki da ƙafa biyu.

A tsallake, wani tsoho ne da sanda da ambulan ruwan ƙasa a hammata, ya tsaya gaban shagon Dogo yana duba wayarsa, yana duba allon, yana sake duba wayar. Dogo ya fito da fara'arsa har kunne, ya miƙa hannu zai karɓi ambulan.

Ko minti ɗaya ban cika a kujerar ba. Na bar ta tana juyawa ita kaɗai.

"Auta, ina zuwa?" in ji Maigida. "Ga mota nan, ke!"

Ban tsaya ba. Tun daga tsakiyar titi na ɗaga murya.

"Baba! Baba Malam! Kada ka ba shi! Auren nan nawa ne!"

Mutanen da ke bakin titi duk suka juyo. Tsohon ya janye ambulan ɗinsa ya rungume, ya kare ido da hannu yana neman mai maganar.

"'Yata?" in ji shi. "Kina lafiya? Akwai waƙafi biyu a shafi na uku da ban yarda da su ba."